Gagara-Rabo: Lambar da Ta Haura Alƙaluma Miliyan 41

[Kiɗan buɗe shiri]

  

Yau lissafi za mu taɓa. Kada wannan ya sa kowa ya kauda kunne. Duk wanda ya iya raba kuɗi tsakanin mutum uku, ya kuma san biyu sau biyu, to ya isa ya bi mu daga farko har ƙarshe. Wanda ke kusa da takarda da biro ya jawo su, a kuma kira yara 'yan makaranta su matso kusa da rediyo.

Maganarmu a kan wata lamba ce da aka gano a watan Oktoba na shekarar 2024. Idan za a rubuta ta, sai an jera alƙaluma 41,024,320. Ku lura da kyau, ban ce darajarta miliyan 41 ba ce. Yawan alƙaluman da ake rubuta ta da su ke nan. Miliyan ɗaya alƙaluma 7 ne kacal. Biliyan ɗaya alƙaluma 10. Tiriliyan ɗaya, irin wanda muke ji a kasafin kuɗin gwamnati, alƙaluma 13. Ita kuwa wannan ta haura miliyan 41. Da zan fara karanto muku ita yanzu, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba sha ba barci, sai na yi wajen kwana 475 kafin in kai ƙarshe. Da za a buga ta a littafi, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai an cika shafi fiye da 13,600.

Amma girmanta ba shi ne abin mamaki ba, domin kowa na iya ƙirƙiro lamba mai tsawo ya yi ta jera sifiri. Abin mamakin shi ne an tabbatar, tabbaci irin wanda ba ya barin ƙofar shakka, cewa babu wata lamba da za ta raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Yaya mutum zai yanke hukunci a kan abin da idonsa bai taɓa karantawa ba? Amsar wannan tambaya ita ce shirinmu na yau.

[Gajeren kiɗa]

Mu fara daga tushe. Ka ɗauki goro 12. Kana iya raba shi daidai tsakanin mutum 2, kowa ya samu shida. Mutum 3, kowa huɗu. Mutum 4, kowa uku. Mutum 6, kowa biyu. To ƙara ƙwaya ɗaya ya zama 13, da sharaɗin ba za a fasa goro ba. Mutum biyu, saura ɗaya. Mutum uku, saura ɗaya. Mutum biyar, saura uku. Duk yadda ka juya sai an samu ragowa. Hanya biyu ce kawai: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 13 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai.

Irin wannan lamba ita ce ɗalibai suka sani a aji da sunan firam, mu kuma a wannan shiri za mu kira ta gagara-rabo. Ga na farko-farkonsu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Ba a lissafa 1 a cikinsu. Lambar 2 kuwa ita kaɗai ce cika a cikinsu, sauran duk mara ne, domin duk wata cika da ta wuce 2, biyu na raba ta.

Darajarsu ta zo ne daga abu guda. Kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai gagara-rabo ce, ko kuma an same ta ta hanyar ninka gagara-rabo da juna. 12 ita ce 2 sau 2 sau 3. 35 ita ce 5 sau 7. 1,001 ita ce 7 sau 11 sau 13. Kuma kowace lamba hanya ɗaya tak ake warware ta; ba za ka taɓa samun wasu gagara-rabo daban da za su ba ka 1,001 ba. Saboda haka wanda ya san halin gagara-rabo ya kama bakin zaren dukkan lambobi.

Malamanmu na rabon gado sun daɗe suna aiki da wannan tunani. Kason da shari'a ta ƙayyade, wato rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi, duk a kan 2 da 3 aka gina su, shi ya sa asalin mas'ala yake yawan faɗawa a kan 6, ko 12, ko 24. Sannan idan malami ya zo gyara mas'ala, yakan duba lambobi biyu ya ga ko daidai suke, ko ɗaya ta shige cikin ɗaya, ko akwai wata lamba da ke raba su duka, ko kuwa babu abin da ya haɗa su. Su ne ake kira tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni. Mai wannan bincike yana taka ƙasa ɗaya da masu lissafin da za mu ambata yau.

To, yaya ake tsamo gagara-rabo daga cikin sauran lambobi? Wani masani mai suna Eratosthenes, haifaffen Sirin a ƙasar Libiya ta yau, wanda ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya bar mana hanyar da ake kira rariya. Rubuta lambobi daga 2 zuwa 100. Bar 2, ka soke duk abin da 2 ke rabawa. Bar 3, ka soke duk abin da 3 ke rabawa. Yi haka da 5, yi da 7. Abin da ya rage bai soku ba, gagara-rabo ne. Za ka ƙirga guda 25.

Idan ka faɗaɗa zuwa 1,000, za ka samu 168. Zuwa miliyan ɗaya, 78,498. Wato a ɗarin farko, ɗaya cikin huɗu ne. A cikin miliyan kuwa ba su kai takwas cikin ɗari ba. Kullum aka yi nisa, sai su ƙara ƙaranci. Dole mai tunani ya tambaya: ko akwai inda za su ƙare gaba ɗaya?

Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, shi ma malami a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya amsa wannan da hujjar da har gobe ba ta tsufa. Ku saurara, ba ta da wuya. Ka ce wani ya zo maka da takarda, ya ce ga dukkan gagara-rabo na duniya ya rubuta. Sai ka ninka su duka da juna, ka ƙara ɗaya a kai. Wannan sabuwar lamba, duk wadda ka ɗauko daga takardarsa ka raba ta da ita, sai ɗaya ya yi saura. Ke nan ko ita kanta gagara-rabo ce da ba ta cikin takardar, ko kuma akwai wata gagara-rabo a wajen takardar da ke raba ta. Mu gwada: 2 sau 3 sau 5, talatin, ƙara ɗaya, 31, sabuwar gagara-rabo. Mu tsawaita: 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13, a ƙara ɗaya, 30,031. Wannan tana rabuwa, amma 59 da 509 ne ke raba ta, kuma dukansu ba sa cikin jerin da muka fara da shi. Ko ta ina aka bi, takardar ba ta cika ba.

Saboda haka babu wata lamba da za a ce ita ce gagara-rabo ta ƙarshe. Wadda muke magana a kanta, lokacin da aka sanar da ita, ita ce mafi girma da ɗan Adam ya sani. Na gaba da ita suna nan, ba su da iyaka, sai dai ba a kai gare su ba.

[Hutun rabin lokaci]

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai samu farkon shirin ba, muna magana ne a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, da kuma wata babba daga cikinsu mai alƙaluma sama da miliyan 41.

Wannan babbar lamba tana da dangi, kuma sanin danginta shi ne rabin sanin ta. Jera biyu guda biyu ka ninka: 4. Cire ɗaya: 3. Jera biyu guda uku: 2 sau 2 sau 2, 8. Cire ɗaya: 7. Guda biyar: 32, cire ɗaya, 31. Guda bakwai: 128, cire ɗaya, 127. To 3, 7, 31 da 127 duk gagara-rabo ne. Ana kiran irin waɗannan lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648, wanda ya shahara da musayar wasiƙu da manyan masanan zamaninsa.

Akwai ƙa'ida ta farko a nan. Idan yawan biyun da ka jera lamba ce mai rabuwa, to sakamakon ma zai rabu. Guda huɗu: 16, cire ɗaya, 15, wato 3 sau 5. Guda shida: 64, cire ɗaya, 63, wato 7 sau 9. Don haka dole yawan jerin ya zama gagara-rabo. Sai dai wannan sharaɗi kaɗai bai wadatar ba. Jera biyu guda 11, ka cire ɗaya, za ka samu 2,047. A ido kamar ba ta rabuwa, alhali 23 sau 89 ce. Wannan darasi ne babba: abu ya yi daidai sau huɗu a jere bai zama doka ba. A lissafi, zato ba ya zama gaskiya sai an kawo hujja.

Shi kansa Mersenne ya fitar da jeri a 1644, ya ce a cikin lambobin da ba su wuce 257 ba, waɗanda ke haifar da gagara-rabo su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Sai da aka shafe wajen shekara 300 kafin a gama tantance maganarsa. Aka tarar 67 da 257 ba sa ciki, sannan ya tsallake 61, 89 da 107. A 1772, Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya tabbatar da ta 31, wato 2,147,483,647, a lokacin da ganinsa ya riga ya tafi. A 1876, Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da ta 127, mai alƙaluma 39, da hannu, ba na'ura. Har yau ba a samu gagara-rabon da ta fi ta girma wadda aka tabbatar da lissafin hannu ba, kuma ta riƙe kambu shekara 75.

Labarin ta 67 ya cancanci a tsaya a kansa. Lucas ya nuna cewa tana rabuwa, amma bai san lambobin da ke raba ta ba. A 1903, a wani taron masana lissafi a birnin Niyok na Amurka, aka kira Farfesa Frank Nelson Cole ya gabatar da bincikensa. Masu ba da labarin sun ce bai furta ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauki alli ya je gefe ɗaya na allo, ya lissafa biyu guda 67, ya cire ɗaya. Ya koma ɗaya gefen, ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya yi ta ninkawa layi bayan layi. Da ya gama, amsoshin biyu suka zo daidai, alƙalami da alƙalami. Ya ajiye alli ya koma kujerarsa, zauren ya ɗauki tafi. An ruwaito cewa ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe yana neman waɗannan lambobi biyu.

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Ƙaramar lamba kamar 127, kana iya gwada ta da 2, da 3, da 5, da 7, da 11, ka ga babu mai raba ta, shi ke nan. Amma lamba mai alƙaluma miliyan 41, ko an haɗa dukkan kwamfutocin duniya suna gwada masu rabawa ɗaya bayan ɗaya, ba za su ko kama hanya ba. Masana kimiyya na ƙiyasta cewa yawan ƙwayoyin zarra da ke sararin samaniyar da ake iya hangowa lamba ce mai alƙaluma wajen 80. Lambobin da za a gwada a nan kuwa, yawansu kansa lamba ce mai alƙaluma wajen miliyan 20. Wannan ƙofa a rufe take.

Ƙofar da ke buɗe ita ce dabarar da Lucas ya fara, Derrick Lehmer na Amurka ya kammala ta a 1930. Ku ɗauki biro mu yi ta tare a kan 31, wadda muka samu daga biyu guda biyar. Ana farawa da 4 kullum. Ninka ta da kanta, ka cire biyu: 16, cire biyu, 14. Mataki na ɗaya ke nan. Ninka 14 da kanta: 196, cire biyu, 194. Ta wuce 31, don haka raba ta da 31 ka riƙe ragowar: 31 sau 6, 186, saura 8. Mataki na biyu. Ninka 8 da kanta: 64, cire biyu, 62. Raba da 31: sau biyu cif, saura sifiri. Mataki na uku. Ƙa'idar ita ce a cire biyu daga yawan jerin, a yi matakai daidai wannan adadi. Biyar a cire biyu, uku. Idan a mataki na ƙarshe sifiri ya fito, lambar gagara-rabo ce. Idan wani abu daban ya fito, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki, domin Lehmer ya kafa hujjar cewa haka abin yake ga kowace lambar Mersenne, komai girmanta.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage, hujja ce take kai mutum inda ido ba ya kaiwa. Mataki uku muka yi a kan 31, ba mu raba ta da kowace ƙaramar lamba ba, amma mun san hukuncinta. Da wannan hanya ɗin dai aka yanke wa babbar lambar hukunci.

Da kwamfuta ta shigo, tafiya ta yi sauri. A 1952 kaɗai, Raphael Robinson ya gano sababbi guda biyar da wata na'ura mai suna SWAC a Los Anjalis. A 1978, wasu ɗalibai biyu 'yan sakandare a Kalifoniya, Laura Nickel da Landon Curt Noll, suka gano ta biyu guda 21,701, suka kafa tarihin duniya suna da shekara 18. A 1996, George Woltman ya kafa wani aikin gayya ta intanet mai suna GIMPS: kowa na iya sauke manhajar kyauta, a ba kwamfutarsa lamba guda ta yi ta gwadawa. Daga lokacin zuwa 2024, wannan gayya ta gano lambobin Mersenne gagara-rabo guda 18.

Ta goma sha takwas ɗin ita ce tamu. Luke Durant, mai shekara 36 a lokacin, mazaunin San Hose a Kalifoniya, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, ya yi hayar dubban na'urori masu saurin lissafi da ke warwatse a ƙasashe 17, ya haɗa su suna aiki tare. Bayan kusan shekara guda, ranar 11 ga Oktoba, 2024, wata na'ura a birnin Dablin na ƙasar Ayilan ta ba da alamar an dace. Washegari, 12 ga wata, wata na'urar a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Wasu mutane daban suka sake gwadawa da manhajoji daban a kan na'urori daban, amsa ta zo ɗaya, sannan aka sanar wa duniya. Lambar ita ce: jera biyu guda 136,279,841, ninka su, cire ɗaya. Ita ce ta 52 a lambobin Mersenne gagara-rabo da aka sani, kuma ta ɗara wadda aka gano a 2018 da alƙaluma fiye da miliyan 16.

[Gajeren kiɗa]

Bari mu duba halayenta, ku ga yadda ake sanin abu ba tare da an karanta shi ba.

Na farko, alƙalaminta na ƙarshe. Ku bi ninkin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ƙarshensu 2, 4, 8, 6, sai kuma 2, 4, 8, 6. Zagaye ne mai hawa huɗu da ba ya sauyawa. Raba 136,279,841 da huɗu, saura ɗaya. Ke nan ninkin ya tsaya a hawa na farko, ya ƙare da 2. Cire ɗaya, ya zama 1. Mun gano ƙarshen lamba mai alƙaluma miliyan 41 da lissafin ɗan aji biyar. Waɗanda suka buga ta sun tarar ta fara da 881, ta ƙare da 551.

Na biyu, idan aka raba ta da shida, ɗaya ne zai yi saura, kamar yadda 7, 31 da 127 suke. Hasali ma duk gagara-rabon da ta wuce 3 tana maƙwabtaka da wata lamba da shida ke rabawa, ko ta gabanta ko ta bayanta.

Na uku, kwamfuta da sifiri da ɗaya kawai take rubuta lambobi. A wannan rubutu, 3 ita ce ɗaya guda biyu, 7 ɗaya guda uku, 31 ɗaya guda biyar. Tamu kuwa ɗaya ce guda 136,279,841 a jere, babu sifiri ko guda. Wannan siffa ce ta sa fitar da ragowa yake yi wa na'ura sauƙi, shi ya sa mafi yawan manyan gagara-rabon da aka sani 'yan gidan Mersenne ne.

Na huɗu, kuma mafi daɗin ji, ita ce alaƙarta da kammalallun lambobi. Ɗauki 6. Masu raba ta, ban da ita kanta, su ne 1, 2 da 3. Tara su: 6. Ɗauki 28: 1, 2, 4, 7, 14. Tara su: 28. Lambar da masu raba ta ke haɗuwa su mayar da ita daidai, ita ce kammalalliya. Yuklid ya nuna cewa kowace gagara-rabo ta wannan gida tana haifar da guda: 3 sau 2, shida, 7 sau 4, ashirin da takwas, 31 sau 16, 496, 127 sau 64, 8,128. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalalliyar lamba cika daga wannan hanya take fitowa, Euler kuma ya cika hujjar bayan ƙarni bakwai. Don haka ranar da aka gano lambarmu, an gano sabuwar kammalalliyar lamba tare da ita, mai alƙaluma sama da miliyan 82.

Na san akwai mai tambaya a ransa: to mene ne amfanin duk wannan? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya za mu faɗa. Ita wannan babbar lamba ba a sayen komai da ita, ba a kuma tsare sirri da ita, tunda kowa ya san ta. Amma ilimin da ya kai ga gano ta yana cikin aljihunku. Idan na ce ku ninka 23 da 89, cikin minti guda za ku ce 2,047. Idan kuwa 2,047 na ba ku na ce ku nemo lambobin da suka haife ta, sai kun yi gumi. Ninkawa sauƙi, warwarewa wuya. A 1977, masana uku a jami'ar MIT ta Amurka, Ron Rivest, Adi Shamir da Leonard Adleman, suka gina tsarin ɓoye saƙo a kan wannan bambanci, ana kiransa RSA. Ana ɗaukar gagara-rabo biyu, kowace mai alƙaluma wajen 300, a ninka su, a bayyana sakamakon, a ɓoye iyayen. A 2020 wasu masana suka warware irin wannan lamba mai alƙaluma 250, aikin da da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda aka bar wa, sai ta shafe wajen shekara 2,700. Waɗanda ake amfani da su yau sukan kai alƙaluma 617. Wannan tsari na cikin abubuwan da ke tsare katin cirar kuɗi da shafukan banki a intanet. Sai dai a kula: duk ƙarfin wannan lissafi, ba ya kare wanda ya karanta wa baƙo lambar sirrinsa ta waya. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya nema, a kashe wayar.

Akwai wani amfanin kuma. Wannan lissafi yana gasa na'ura ƙwarai, har ya tona aibinta. A 1994, Farfesa Thomas Nicely yana bincike a kan gagara-rabo ya gano kuskure a ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Pentium, abin da ya sa kamfanin Intel ya ware dala miliyan 475 don musanya wa mutane. Har yau masu haɗa kwamfuta na amfani da manhajar GIMPS su gwada lafiyar sabuwar na'ura.

Kuma fagen bai cika ba. Har yanzu babu wanda ya kawo hujjar ko lambobin Mersenne gagara-rabo suna da iyaka ko ba su da ita. Babu wanda ya taɓa samun kammalalliyar lamba mara, babu kuma wanda ya tabbatar cewa babu ita, tambayar da ta haura shekara dubu biyu tana jiran mai amsa. Wata ƙungiya a Amurka mai suna EFF ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara gano gagara-rabo mai alƙaluma miliyan 100.

Kira na ga iyaye da malamai shi ne wannan. Duk abin da muka yi yau, tarawa ne da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Ba mu nemi ɗakin gwaji ba, ba mu nemi wutar lantarki ba. Yaron da aka saba masa da tambayar “me ya sa haka?”, aka hana shi karɓar amsa sai da dalili, ya samu abin da zai amfane shi a aji, a kasuwa, da wajen tantance labarin da ake turo masa ta waya. Idan 'yarka ko ɗanka ya nuna son lambobi, a ƙarfafa masa gwiwa, a saya masa littafi, a zauna a saurare shi. Malaman lissafi kuma, Allah Ya saka muku, ku riƙa nuna wa ɗalibai dalilin kowace ƙa'ida kafin a ce su haddace ta.

Ga aikin gida guda biyu. Na ɗaya, ku nemo dukkan lambobin da ke raba 496, ban da ita kanta, ku tara su ku ga abin da zai fito. Na biyu, ku gwada 127 da dabarar Lucas da Lehmer. Biyu guda bakwai ne, don haka matakai biyar za ku yi. Ku fara da 4, ku ninka ta da kanta, ku cire biyu, ku raba da 127 idan ta wuce, ku riƙe ragowar ku ci gaba da ita. A shiri na gaba za mu warware su tare, mataki-mataki.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.  Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. 

[Kiɗan rufe shiri]